Kunyar Ɗiyar Fari

Silifa ne ya fara tona asirin ciwon. Lubabatu na durƙushe bakin murhu tana tura buntu ƙarƙashin duron da ake turara shinkafa, sai ga Khairat ta shigo da bokitin ruwa a ka, ƙafa ba takalmi, silifan na rataye a yatsanta. Silifan nan da ƙaramar salla aka saya, har da ɗan sarari a baya don a daɗe ana sawa. Yarinyar ta sauke ruwan, ta jingina da bango tana haki, baki buɗe, sai ka ce daga bakin gulbi ta rugo, alhali famfon tuƙa-tuƙan yana nan bayan gida. Lubabatu ta dubi ƙafafun. Sun cika sun yi sumul, idon sawu ya ɓace.

Ta mai da kai ga wuta, don akwai mutane a tsakar gida, kuma Khairat ɗiyarta ce ta fari.

A gidan su Surajo, mijinta, da ke Gummi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta shiga maganarsa, ko dukansa ake yi sai ta kau da kai. Ranar da aka yaye Khairat aka miƙa ta ga Saratu, yayar Surajo, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta kuma dawo gidan ubanta bayan rasuwar mijinta ta zama ita ce babba. Saratu ce Inna. Lubabatu kuwa Adda yarinyar ke ce mata, kamar kowane yaro na gidan.

Sau ɗaya tak aka ɗage wannan shingen, shi ma dole ce ta sa. Khairat na shekara bakwai ciwon daji ya kama mata ƙoda. Aka sai da fadama don magani, sana'ar shinkafar Saratu ta zama ita ke ci da gidan, ba halin ta matsa ko nan da can. Sai aka tura Lubabatu jinya Sakkwato. Wata da watanni tana can, inda ba dangin miji, ba mai sa ido. Ta yi wa ɗiyarta wanka, ta kwashe amanta, ta shafa kan da gashi ya zube, ta kira sunanta har ta gaji. Aka cire ƙodar, yarinya ta tashi. Ranar sallama likita ya zaunar da Lubabatu ya ce, "Dajin ya tafi, in sha Allahu. Amma jan maganin nan da muka yi ta ƙara mata a ruwa yakan raunana zuciya, wani lokaci sai bayan shekaru. Ku riƙa kawo ta ana dubawa. Kada ta yi aikin ƙarfi. Ranar da kika ga ƙafa ta kumbura ko tana haki, kada ki jira gobe."

Ita kaɗai ta ji wannan magana. Ta faɗa a gida, aka ce to. Aka koma dubawa sau ɗaya, daga nan hanya ta ɓaci, aka ce ai ta warke. Khairat ta koma ɗakin Saratu, Lubabatu ta koma Adda. Yanzu yarinyar ta shiga shekara sha biyu.

Washegari da safe ta kai wa Surajo koko a zaure, yana ɗaure buhunan wofi a bayan babur zai shiga ƙauye sayen shanshera, shinkafar da ba a ɓare ba. Ta durƙusa ta ajiye, ba ta tashi ba.

"Malam, yarinyar nan ƙafafunta sun kumbura."

"Wace yarinya?" Ya sani sarai.

"Ta ɗakin Yaya."

"To ki gaya ma Yaya mana. Ɗiyarta ce."

"Likita ya ce in aka ga haka..."

"Likita ya ce ta warke." Ya ja igiya ya ƙulle. "Fadamar ubana ta tafi a kan warkewar nan, ban yi baƙin ciki ba. Yanzu kuma mi kike so in sayar? Kin san yadda hanya take. In kwashe ku in kai ma ɓarayin daji saboda ƙafa? Yara nawa ke yawo da kumburin ƙafa cikin damina?"

Damina ta wuce tuni, amma ba ta faɗa ba. Ya shanye kokon a tsaye ya buga babur ya tafi.

Abin takaici, Saratu ita ma ta ga canjin, sai dai ta karanta shi a baibai. Tun dawowa daga Sakkwato Khairat ba ta taɓa yin jiki ba, 'yar firit take kamar sillen kara, kuma kullum abin na cin Saratu a rai, don mata na cewa riƙonta ne bai karɓi yarinyar ba. To yanzu fuska ta ciko, ciki ya taso, ƙafa ta yi nauyi. Saratu ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Matan unguwa da ke zuwa aikin shanya sai ta kamo yarinyar a kafaɗa ta juya ta gabansu.

"Ku dubi ɗiyata ta murmure. Ina masu cewa ba za ta yi nama ba? Nonon Fulani da man shanu ne, ba allurar Turawa ba."

Mata su yi ta ma sha Allah, Khairat na murmushin yaƙe, ƙirjinta na sama da ƙasa.

Lubabatu ta yi kwanaki tana juya maganar a ciki. Ranar nan bayan azahar ta ga Saratu ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta bi ta, ta tsuguna bakin ƙofa.

"Yaya, don Allah ki yi mani haƙuri da abin da zan faɗi. Wancan abu ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. Likita ya ce zuciya ce ke kawo shi. A daina sa ta buga famfo, a kai ta a duba."

Saratu ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Ba ta amsa a ɗaki ba. Ta miƙe ta fito tsakar gida inda mata ke baza shinkafa a kan tamfol, ta tafa hannu.

"Ku zo ku ji sabon salo. Lubabatu ta zo koya mani riƙon ɗiya. Ɗiyar fari, jama'a! A gidan wa aka taɓa yin haka? Uwarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, mi ya same ni? Ke an tura ki jinya don lalura, kin dawo da baki buɗe. Tun tana tsumma nake ɗawainiya da ita, yau ta yi kyan gani kin ce ruwa ne. In baƙin ciki kike da ƙibar, ki faɗa."

Wata ta ce, "Haba Luba, ke kuwa da hankalinki." Wata ta rufe baki tana dariya. Lubabatu ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Da Surajo ya dawo aka kai masa labari da gishiri, ya kira ta ya ce in ta ƙara sa yayarsa kuka a kan yarinyar nan, ta tattara ta tafi gidansu Zugu ta huta. Ta san abin da tafiya Zugu ke nufi: ko daga nesa ba za ta ƙara ganin ƙafafun ba. Ta ce Allah ya huci zuciyarsa.

Daga ranar Saratu ta ɗauki abin kamar gasa. Don ta nuna wa duniya ɗiyarta lafiya lau take, sai ta ƙara mata aiki. Ba mugunta take ji tana yi ba, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Da hannunta take dama mata fura, ita ke yi mata kitso, in sauro ya cije ta sai ta yi faɗa da duk gidan. Amma in yarinyar ta tsaya da buga famfo ta dafe ƙirji, sai ta ce, "Asibiti ya shagwaɓa ki. Can kin saba a kwance ana kawo maki. Nan gidan aiki ne, jini ya motsa."

Khairat ta daina zuwa islamiyya, don tafiyar na gagararta, aka ce ƙiuya ce. Ta fara tari, aka jiƙa mata sassaƙe. Ba ta iya kwanciya a miƙe, sai ta jingina da buhu ta yi barci a zaune, Saratu ta ce wani sabon iyayi ne. Abinci ya daina shiga, amma jiki na ƙara cika, aka ce ai ka ga albarkar man shanu. Lubabatu kuwa abin da ya rage mata sata. Kafin gari ya gama wayewa sai ta cika randuna da durukan jiƙo don aikin famfo ya ragu. Saratu ta gane, ta ce tunda ruwa ya samu mai shi, Khairat ta koma kwasar shinkafa mai zafi daga duro zuwa wurin shanya. Daron ya fi bokitin nauyi.

Wata la'asar Lubabatu ta zagaya bayan rumbu ɗibar buntu, ta tarar da yarinyar zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, leɓunanta sun yi duhu. Ta waiga, ba kowa. Ta durƙusa ta sa babban yatsa a ƙaurin ta danna. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Adda, jan ruwan nan ne ko?" Khairat ta tambaya a hankali. "Na ji abin da likita ya ce maki. Ba barci nake ba ranar."

Lubabatu ta shafa mata ƙafar.

"Na gaya ma Inna ƙirjina na yi mani nauyi, ta ce in bar biye maki." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ni da ma Sakkwato muka zauna. Can ko ana yi mani allura, kina riƙe da hannuna."

"Ki yi haƙuri. Zan san yadda na yi."

"Yaushe?"

Lubabatu ta ɗaga kai sai ta ga Zinatu, amaryar Murtala ƙanen Surajo, tsaye da tsintsiya a hannu da ɗan cikinta da ya fara fitowa. Zinatu ta ga ramin yatsan. Ta dubi uwar, ta dubi ɗiyar, ta sunkuyar da kai ta koma. Amarya ce da ko muryarta ba a gama sani ba a gidan.

Lubabatu ta ƙudurta a ranta ranar kasuwa mai zuwa, in gida ya watse, za ta ja yarinyar ta kai ta asibitin gari, ko da a bakin aurenta. Ta yi ta ƙudurtawa. Kasuwar ta zo, baƙi suka cika gidan, ta ce sai ta gaba. Kunyar da aka ɗora wa mutum tun yana goye ba ta sauka don ya gane cuta ce.

Ana haka wani ɗan kasuwa daga Bukkuyum ya aiko yana son shinkafa mai yawa, motarsa za ta biyo jajibirin kasuwa. Gida ya ɗauki zafi. Duro biyu a wuta, hayaƙi da tururi sun turnuƙe tsakar gida, Saratu na tsakiya tana ba da umurni. Khairat ta kai daron farko ta dawo tana dafa bango. Aka ɗora mata na biyu. Lubabatu ta miƙe ta kai hannu.

"Kawo in kai."

"Wa zai duba wuta?" in ji Saratu. "Ke dai ba ki gajiya da neman magana."

Yarinyar ta yi taku kaɗan, gwiwoyinta suka lanƙwashe. Daron ya kife, shinkafa ta watse cikin ƙasa tana tururi. Khairat ta faɗi a gefenta, wani farin kumfa na fitowa daga bakinta.

Lubabatu ba ta san lokacin da ta tsallake murhun ba. Ta ɗaga ta, ta juya ta a baya, ta kwance mayafi ta ɗaure kamar jaririya, ƙafafun na reto har gwiwarta. Ta ratsa mata, ta ratsa zaure inda Surajo da Murtala ke auna shinkafa da wasu maza, kai ba lulluɓi, ta fita titi ta tsai da mai babur.

A asibiti wata nas mai suna Rebecca, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a garin, ta karɓe ta ta sa mata robar iska a hanci. Saratu da Surajo suka iso a guje. Rebecca ta ga tabon aiki a cikin yarinyar, ta danna ƙafar, ta juyo.

"Wace ce uwarta?"

"Ni ce," in ji Saratu.

"Mama, tun yaushe ƙafar nan ta kumbura?"

Lubabatu ta ce, "Tun farkon yankan shinkafa. An yi mata maganin daji a Sakkwato, da jan ruwa. Likita ya ce a kula da zuciya."

Rebecca ta dube ta, ta dubi Saratu, ta gane abin da ta gane. Shekarunta a garin sun isa. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Da a lokacin kuka zo, da akwai abin yi da yawa. Bari in kira likita. Amma ku nemi mota, Sakkwato za a tura ku."

Nan take mota ta samu. Kuɗin da babu suka fito daga aljihun Surajo, hanyar da ba ta biyuwa ta biyu. A bayan mota Saratu ta rungume kan yarinyar a cinyarta tana kuka tana tofa mata addu'a, aka bar wa Lubabatu ƙafafun. Ta riƙe su da hannu biyu, sun yi sanyi. Sun yi nisa da gari Khairat ta buɗe ido ta ce, "Inna." Saratu ta amsa da sauri, "Na'am, ɗiyata, ga ni." Idon yarinyar kuwa can wajen ƙafafunta yake kallo. Ba su kai rabin hanya ba direba ya gangara gefe ya tsaya, ya yi salati, ya juya kan mota.

Zaman makoki a ɗakin Saratu aka yi shi, don ita aka yi wa rasuwa. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, kuma kukan gaskiya ne. Mata na shiga suna fita suna ba ta haƙuri. Duk wadda ta tambaya sai a ce ai ciwon nan ne ya dawo, daji ba ya barin mutum. Surajo ma haka ya yi ta faɗa wa maza a ƙofar gida, har da ƙarin cewa ba abin da ba a yi ba. Kowa ya ce kwana ya ƙare. Ba wanda ya ambaci daro.

Lubabatu na madafi tana tuƙa wa baƙi tuwo. Uwar ɗan fari ba a zama a yi mata gaisuwa, in an wuce ta a ce "ya aka ji da haƙuri" a taƙaice, ita kuma ta amsa kamar ɗiyar maƙwabta ce ta rasu. Idonta ya bushe ƙamas. Ba dauriya ba ce, kukan ne ya ƙi zuwa.

Ranar sadakar uku Goggo Habsu, ƙanwar mahaifin su Surajo, ta dogaro sandarta ta zo madafi ta tsaya, mata na biye da ita. Ta daɗe tana kallon Lubabatu tana gyaɗa kai.

"Allah ya yi maki albarka, Luba. Ranar nan dai ruɗewa ce, an yafe. Amma kwana uku ina lura da ke, ko ɗigon hawaye. Haka iyayenmu suke." Ta juya ta nuna Zinatu da ke wanke kwanoni a gefe. "Ke amarya, ga ki da cikin fari. Ki buɗe ido ki yi koyi da wagga baiwar Allah. Irin wanga hali shi ke riƙe gida."

Mata suka ce wallahi kuwa. Suka wuce ɗakin Saratu.

Zinatu ta ci gaba da cuɗa kwano ɗaya wanda ya riga ya fita. Can ta ajiye, ta matso kusa da murhu ta tsuguna, hannunta a kan cikinta, hawaye na zuba.

"Adda, na ga ramin yatsanki ranar nan. Ban ce komi ba."

"Na sani."

"To in nawa ya yi ciwo, wa zan gaya ma?"

Lubabatu ta tsai da muciya. Ta dubi ƙofar ɗakin da ake ta shiga ba da haƙuri, ta dubi cikin yarinyar.

"Ni za ki gaya ma," ta ce. "Naki ba ɗan farina ba ne. Ranar da kika ga abu, ki zo ki raɗa mani, ni kuma in tsaya tsakar gidan nan in yi ta ihu har a kai shi. A kan ɗan kowa an yarda in yi magana. Tawa ce kawai aka hana ni."

Daga ɗaki wata ta leƙo ta ce baƙin Anka sun iso, a ƙaro tuwo. Lubabatu ta ce to, ta jawo kwano ta fara kwasa.